Tuwon Gas a Farin Kicin

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Juma'a da na ja surukina har cikin kicin ɗin gidana don in nuna masa bajinta. Da Allah zai ba ni ikon goge rana guda daga rayuwata, ita zan fara gogewa. Amma ku bi ni a hankali, domin ƙarshen lamarin ni ya yi wa daɗi.

Ni tsohon direban babbar mota ne. Ƙuruciyata a kan hanya ta ƙare, ina kwasar hatsi daga kasuwar Mada da ta Tsafe zuwa inda Allah ya nufa. Boko kuwa na ɗan taɓa, gwargwadon in karanta allon hanya in sa hannu a takarda. Da ƙarfi ya ja baya sai na ajiye makulli na zauna gida a Tudun Wada, nan Gusau, ni da Hajiya uwar 'ya'yana.

Zaman gidan ne ya sa na lura da tarinta. Da safe tari, da yamma tari, idanun nan jajur kullum suna ruwa. Na kai ta asibiti, likita ya gwada ƙirjinta ya tambayi da me take girki. Ta ce itace. Ya dube ni ya ce, "Baba, magani zan ba ta, amma in ba ka raba ta da hayaƙi ba, aikin banza muke yi." Na ce masa ya ɗauka an gama.

Ana haka 'yarmu Hadiza, wadda ke aure a Bungudu, ta sake haihuwa, Hajiya ta tafi zama da ita. Ranar suna Hadiza ta nuna mini wani hoto a wayarta: kicin fari fat, bango fari, durowa fara, ƙasa tana sheƙi kamar a lasa. Na ce ta tura mini. Ban gaya wa kowa abin da na ƙudura ba. Na dawo Gusau na kira magini da kafinta, na nuna musu waya na ce, "Wannan nake so, kada a ƙara kada a rage."

Aka kwashe cikin tsohuwar madafa, aka bar bangonta. Aka shimfiɗa farin tayil, aka yi farin sili a rufi, aka jera fararen durowoyi sama da ƙasa. Da aka zo tsayin kantar da za a ɗora murhun gas, sai na tsaya na auna da ƙuguna. (Ni kuwa a tasha Dogo ake ce mini. Hajiya in ta miƙe tsaye iyakarta hammatata.) Taga na ce a toshe, tunda a hoton ban ga taga ba. Ƙofar baya kawai na bari, wadda ke fita lungun da muke ɗaure awaki. Can lungun na sa aka watsa baƙaƙen tukwanenta, da duwatsun murhu, da 'yar kujerar da take zama a kai, don a ganina duk za su ɓata wurin.

Ranar da ta dawo na kai ta bakin ƙofa na buɗe. Ta tuɓe takalmi kamar za ta shiga masallaci. Ta dubi kantar nan, ta dube ni.

"Sannu da ƙoƙari, Alhaji. Allah shi saka da alheri."

"Kin gani ko? Kin rabu da hayaƙi ke nan. Sai dai a kula, kada manja ya taɓa mini bangon nan."

Ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin na ɗauka godiya ce. Ban sake shiga kicin ba, domin mu yadda aka rene mu namiji ba ya kutsa kai inda ake girki, sai dai ya zauna a kawo masa. Kullum ina ganin abinci yana fitowa ta farar ƙofar nan. Wani lokaci in leƙa daga nesa, in ga wurin tas kamar ranar da aka gama shi, in ce lallai na auri mai tsafta. Ɗan hayaƙin da nake hangowa ta bayan gida in na dawo daga majalisa, maƙwabta na ɗora wa, har ina tausaya musu. Tarin bai tafi ba, amma na ce ragowar tsohon hayaƙi ne yake fita.

A majalisa kuwa na ishi kowa. In ana zancen taki, sai in kawo kicin. In ana zancen siyasa, sai in kawo kicin.

To, ranar Juma'ar nan baƙi biyu suka haɗu a zaurena bayan an sauko masallaci. Ɗaya Malam Bawa ne daga Tsafe, ɗan gwaggona, taubashina, mutumin da tun muna yara bai taɓa barin kuskurena ya kwana ba a ji shi ba. Ɗayan Alhaji Garba ne daga Bungudu, mahaifin mijin Hadiza, dattijo mai nauyi wanda ko dariya sai ya auna yake yi. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, ga man shanu. Muka sa hannu.

Na yi loma biyu na kasa haƙuri. Na ce, "Alhaji, ka ji bambanci ko? Wannan tuwon gas ne. Babu warin hayaƙi ko kaɗan."

Alhaji Garba ya ce, "Madalla. Allah shi ƙara rufin asiri."

Bawa ya ɗago loma ya shinshina. "Dogo, wanga gas naku da iccen marke aka yin shi?"

"Kai baƙauye, me ka sani?"

"Ni dai hancina bai tsufa ba. Miyag ga ta sha hayaƙi."

"Hancinka ne ya cika da hayaƙin gidanka. Ku tashi in nuna muku, ka ga abin da ba ka taɓa gani ba a Tsafe."

Alhaji Garba ya ce a bari, ba sai an shiga ba. Ina ma na ji maganarsa. Na leƙa tsakar gida na ɗaga murya na ce a gyara, maza za su shigo. Ban ji an amsa ba, ban kuma jira ba. Na shige gaba suna bina.

Na buɗe farar ƙofa na kunna fitila. Wurin ya ɗauki haske. Har Bawa sai da ya gyaɗa kai. Na shiga bayani kamar ni na ƙera: nan ake wanke kwano, nan ake ajiye kaza, nan kaza. Na ce, "Kullum sau uku ake girki a nan, amma ku duba bango." Daga nan na ɗauki ashana don in nuna musu yadda wuta ke kamawa. Na murɗa, na ƙyasta, shiru. Na sake murɗawa, ashana ta cinye har ta ƙone mini yatsa.

Na ce, "Ƙila gas ɗin ya ƙare. Yawan girki."

Bawa ya tsuguna ya buɗe durowar ƙasa inda tukunyar gas take. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago yana murmushin da na sani tun muna yara.

"Dogo, zo ka gani. Ko murfin bakinta ba a ɓalle ba."

Na duba. Murfin roba na nan daram yadda aka sayo ta. Tiyon yana gefe a naɗe. Ya shafa kan murhun, sai ga ledar kamfani tana ƙara a ƙarƙashin yatsansa.

A daidai nan muka ji tari ta bayan ƙofar baya. Kafin in ce wani abu Bawa ya tura ƙofar. Hayaƙi ya turnuƙo cikin farin kicin. Ga Hajiya a lungun awaki, zaune kan 'yar kujerarta, ta kafa duwatsun nan uku ta ɗora sanwar dare, tana fifita ɗanyen itace da faifai, ido na zubar da ruwa. Lungun ko iska ba ya samu. Da ta ga surukinta sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Alhaji Garba, Allah ya saka masa, ya ɗaga kai sama ya ce, "Silin nan ya yi kyau ƙwarai." Ya ci gaba da kallon sili har muka fita.

Bawa kuwa har ya shiga mota yana share hawaye. "Sai an jima, mai tuwon gas! A gai da gas!"

Na koma ciki. Kunyar suruki daban, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne na yi wa likita alkawarin raba ta da hayaƙi, sai na ɗauke ta daga madafa mai taga na cusa ta lungu. Na jawo turmi na kifa na zauna kusa da ita.

"Hajiya, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na ga kana murna."

"To me ya hana ki girki a ciki?"

Ta tashi ta ɗauko tukunyar tuwo, ta shiga ta ɗora kan murhun gas. Tukunyar dalma ce mai kewayayyen gindi, tana ɗorawa ta karkace. Ta tsaya gaban kantar, bakin tukunyar ya zo mata wajen haɓa. Ta miƙo mini muciya.

"Bismilla, tuƙa in gani. Tuwo a zaune aka tuƙa shi, Alhaji, tukunya tana ƙasa ka danne ta. Nan sai in hau tsani? Ga shi ka toshe taga, in na soya attarugu ina zan shaƙi iska? Kuma ka ce kada manja shi taɓa bango. Ka taɓa ganin miyar da ba ta tsalle?"

Ban taɓa gani ba, domin ban taɓa tsayawa kan miya ba. Na ce, "Gobe magini zai dawo. Ke za ki yi magana, ni in yi shiru."

Haka kuwa aka yi, ko da yake shirun ya ba ni wuya. Ta sa aka fasa taga babba ta gabas, aka sa mata raga saboda ƙuda. Aka rage tsayin kantar zuwa ƙugunta, aka shimfiɗa baƙin dutse mai santsi a kai, wanda ko manja ya zuba gogewa ɗaya ne. A kusurwa aka yi ɗan dandamali ƙasa-ƙasa, na sayo murhun gas mai ƙafafu irin na masu sayar da abinci, wanda tukunyar dalma ke zama a kai daram. Bangon bayansa ta zaɓi tayil ruwan ƙasa. Kujerarta ta dawo, aka wanke ta aka shafa mata mai.

Sauran wurin ta bar shi fari, amma ta ce farin ya yi yawa, kamar ɗakin allura. Ta ciro ƙofofin durowa biyu na sama ta jera kwanonin samirarta masu furanni, waɗanda ta zo da su gidana tana amarya. Ta rataye faya-fayai masu ja da kore a bango, manya a tsakiya ƙanana a gefe. Ta kife ƙoren da aka yi wa zane a kan durowa, ta soke ludaya da muciya a wani tulu, ta dasa na'ana'a a tsohon kwano ta ajiye bakin taga. Kuka da kuɓewa da daddawa kowanne ya samu kwalbarsa mai murfi. Wallahi da aka gama, hoton wayar nan ko kusa bai kamo shi ba.

Ranar da ta fara tuƙa tuwo a ciki, na karya al'ada na zauna bakin ƙofa ina kallo. Wuta shuɗiya, babu hayaƙi, ita kuma tana zaune tana tuƙi har da 'yar waƙa. Miya ta yi tsalle ta taɓa farin bango, ta dube ni, na kawar da kai. Kafin damina ta fita tarin ya lafa, idanun suka washe. Da muka koma asibiti likita ya gwada ƙirjinta ya miƙo mini hannu.

Shi kuwa Bawa bai bar kowa ba. Daga Tsafe har Bungudu babu inda bai kai labarin ba, har yaran tasha suka koma kirana Tuwon Gas. Sai dai labarin da ya baza shi ya jawo mata suka riƙa zuwa ganin kicin ɗin abin dariya, su fita suna tambayar sunan magini. Cikin masu zuwa har da matarsa, wadda ita ma ta daɗe tana fama da ido. Ba a jima ba sai ga Bawa a zaurena da sassafe, yana ta kewaye-kewaye, gaisuwa ta ƙi ƙarewa.

"Dogo, wanga magini naka, yana zuwa Tsafe?"

"Me za ka yi da shi? Ai kai hancinka ya fi son marke."

"Bari, ɗan'uwa. Tun da ta dawo daga gidanga ban sha ruwa da daɗi ba."

Na bar shi ya roƙa har shayinsa ya huce, sannan na ce zan kai masa magini da kaina, da sharaɗin in an gama ya tara mutane ya ci tuwon gas a gabana. Ya ci kuwa, har da neman ƙari, ina zaune ina yi masa sannu.

Don haka ina roƙonku, 'yan'uwana maza, musamman masu furfura irina: in za ku gyara wa iyali wurin girki, fari ne ko wane launi, kada ku yi irin tawa. Ku kira mai tuƙa tuwon ta tsaya a wurin a auna da ita. In kuma ta dube ku ta ce "to" ba ta ƙara komai ba, kada ku gayyaci suruki tukuna.