Barau da Giyar Jif ɗin Surukinsa

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi na bakin tashar Rafin Marke ya san Barau. Mu nan kowa gwanin gyaran mota ne, muddin motar tana nesa, hannu kuma yana riƙe da kofi. Amma Barau ya kere mu duka. Mota na wucewa zai karkata kai, ya kanne ido ɗaya.

"Kun ji? Haƙorin giya ta uku ya cinye. Wannan ba za ta kai Gusau ba."

Ba wanda ya taɓa bin motar ya gani, don haka ba a taɓa ƙaryata shi ba. Iyakar abin da aka san ya kwance da hannunsa fitilar keke ce, ita ma tun daga ranar ba ta ƙara kamawa ba.

Surukinsa, Alhaji Nomau, yana da wata tsohuwar jif koriya wadda ta girmi Barau nesa ba kusa ba. Ita kaɗai ke iya ratsa yashi da taɓon hanyar fadama ta fito da tumatir. Alhaji kuwa mutum ne mai kara, bakinsa ba ya iya ce wa mai aro a'a. Sai ya samo dabara. Kusa da sandar giya akwai wata 'yar guntuwar sanda mai jan kai, wadda ke kai ƙarfin inji ga ƙafafu. In ya ajiye ta a tsakiya, kowace giya ka sa sai dai inji ya yi ta ihu. Mai aro ya karɓi makulli, ya gwada, ya gaji, ya tafi yana yi wa Alhaji jaje.

Ana nan Alhaji ya tafi ta'aziyya wani gari, tumatir kuma ya nuna jajawur, saura ƙiris ya fara ruɓewa. Barau ya ga ranar yin suna ta zo. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin surukarsa ya ce, "Inna, a ba ni makulli. Ni da kaina zan fito da tumatir ɗin nan, ko ɗaya ba zai lalace ba."

Ya shiga, ya tayar, ya sa giya, ya saki kuloci. Wuuum! Jif ko gezau. Ya sa ta biyu. Wuuum! Kafin ya gwada ta baya, rabin teburin shayi ya iso, Ilu mai faci na kan gaba.

"Gwani, yaya aka yi?"

Da Barau ya ce bai sani ba, da magana ta ƙare. Amma wannan kalma ba ta taɓa bi ta bakinsa ba. Ya diro, ya kara kunne a jikin mota, ya girgiza kai.

"Giya ta mutu. Tun bara nake jin ta, kunyar Baba ce ta hana ni faɗa."

Aka aro sifanu, aka shimfiɗa tabarma. Kwancewa dai ba ta yi wuya ba, ko mu za mu iya. Ƙwal! Ƙwal! Ga noti, ga boris, ga haƙora manya da ƙanana. Ya buɗe cikin akwatin giyar, ya ga abin da ke ciki. A ransa ya ce, "Barau, kai da fitilar keke ta gagara, me ya kai ka?" A fili kuwa cewa ya yi, "Ba na gaya muku ba? Ku dubi ɓarna!"

Muka duba, muka ce lallai kam. Ba wanda ya san abin da yake dubawa.

A haka Alhaji ya dawo ya tarar da hanjin motarsa a kan tabarmar zaure. Ya tsaya. Ya buɗe baki, ya ga jama'a, ya rufe. Ina zai kunyata mijin 'yarsa a gaban mutane?

"Malam, sannu da aiki."

"Baba, Allah ne Ya taimake ka na zo a kan lokaci."

"Malam, ko ka ɗan duba 'yar..."

"Baba, je ka huta. Wannan aikinmu ne."

Mayarwa ita ce ta fitar masa da gumi. Abin da ya ƙi shiga ya sha guduma. Abin da ya rage a tabarma ya shige aljihu a ɓoye, har Barau na tafiya yana ƙara kamar akuya mai ƙararrawa. Abu ɗaya kaɗai ya mayar daidai yadda ya same shi: 'yar sandar nan mai jan kai, a tsakiya.

Ranar gwaji ya sha wanka, ya kafa hula. Alhaji ya zauna a gefensa, jama'a suka yi da'ira. Wuuum! Jif tana nan inda take. Gumi ya karyo wa Barau. Alhaji ya tausaya masa, ya yi kamar yana gyara zama, ya tura 'yar sandar da gwiwa don ya rufa masa asiri.

Caraf Barau ya cafke ta ya mayar tsakiya.

"Haba Baba! Kada ka taɓa wannan, ado ce kawai."

Nan haƙurin tsoho ya ƙare.

"Malam! Giyar nan lafiyarta ƙalau kafin ka zo! Ni nake ajiye sandar nan a tsakiya saboda 'yan aro!"

Sai Ilu ya ce, "Au! Alhaji, ashe ran da na zo zan kai iyali biki..."

Alhaji ya yi kamar bai ji ba, ya tura sandar da ƙarfi. Barau ya saki kuloci. Ƙarrr! Ƙarrr! Ƙas! Jif ta yi tsalle ɗaya, ta yi tari, ta mutu. Man giya ya malalo daga ƙarƙashi, wani haƙori ya gangaro ya kwanta a gaban takalmin liman, wanda shi ma ya zo kallo. Yanzu kam giya ta mutu da gaske, kowa shaida ne.

Alhaji ya sauko a hankali, ya kakkaɓe riga, kararsa ta dawo.

"Ba komai, Malam, tsautsayi ne. Sai dai Innarku ta ce ka yi alkawarin fito da tumatir da kanka. Ga kwanduna can, ga gammo."

Washegari muka bi shi fadama, wai taya aiki, alhali kallo ya kai mu. Ga Barau ya taho da kwando a ka, ruwan tumatir na bin wuyansa har cikin riga. Yana isowa mashigin rafi sai luntsum, taɓo ya kama shi har gwiwa. Ya yunƙura gaba, ya yunƙura baya, ko motsi.

Ilu ya ɗaga murya daga kan tudu, "Gwani, yaya ka tsaya?"

Barau ya share tumatir daga ido, ya dube mu.

"Giya ce. Amma don girman Allah, kada ku bari irina ya duba ta."