Ranar Da Na Tona Asirin Doki

Shekarar da labarin sabon titin Shagari ya fita kafin gwamnati ta sanar, an turo mai bincike daga Kaduna zuwa ofishinmu a Bodinga, inda nake buga tafireta. Wanda aka kama da fitar da labarin, aikinsa ya tafi. Ni kuwa tuni na gano mai laifi: Kawu Bello, masinjanmu, ƙanen uwata. Kullum yana ƙus-ƙus da wani tela da wani mai albasa, ran Juma'a su sulale garin Kajiji.

Ban jira a tambaye ni ba. Na shiga wurin mai binciken na zayyana komai, har da buga tebur.

Aka tasa Kawu gaba zuwa Kajiji yana gumi. Me aka tarar? Dokin sukuwa da su ukun suka saya a ɓoye, kada matansu su sani, kowa da ƙafa guda. Mai binciken ya shafa wuyan dokin ya ce, "Ta huɗun fa?" Nan take ya saye ta.

Kawu ya tsira da aikinsa, amma bai tsira daga matarsa ba. "Ɗiyata, mi ni yi miki?" in ji shi da ya gan ni.

Tun daga nan aka laƙaba mini Sufeto. Har yau, in doki ya yi haniniya ina wucewa, sai 'yan kasuwa su ce masa, "Kai, yi shiru! Sufeto na ji."