Rasuwar Baturiya, Wadda Ta Hana Ni Binne

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ba ta ɓoyuwa, ni Surajo na Morai nake sanar da 'yan uwa na Talata Mafara da Bakura da Maradun rasuwar 'yar rediyon nan tawa, wadda kowa ya sani da Baturiya saboda cin batir da tsoma Turanci cikin zance. Ta rasu ranar Talata da hantsi, tana da shekara goma sha tara a hannuna.

Marigayiya mai haƙuri ce. Eriyarta ta karye, na sa mata sifok ɗin keke, ba ta yi ƙorafi ba. Murfinta ya ɓace, na ɗaure ta da roba, ta ci gaba da aiki. Ta sha rana a reshen gawo tana ɗebe mini kewa ina noma. Aibinta ɗaya, a 'yan shekarun nan ta fara sa baki a harkar gonata.

Da bazara ta yi sai ka ji ta: “Shhh... ƙrrr... manoma, yanayi ya canza. Ruwan farko ba damina ba ne. Kada a yi binne, a jira ruwa ya zauna.” To ni kuwa binne na gada. Mahaifina a busasshiyar ƙasa yake zuba iri tun kafin hadari, ruwa ya zo ya tarar da shi a ciki. Wani da ke zaune cikin sanyin ofis, wanda bai taɓa riƙe hauya ba, shi zai koya mini shuka? Bara ta faɗa, na yi asarar shuka ɗaya, na ce bakin mutane ne. Bana ta sake faɗa, na rage mata murya na binne gero tiya huɗu.

Ruwa ya sauka, gero ya tsiro gwanin sha'awa. Na bi ta ƙofar maƙwabcina Jafaru ina gyaran murya, don shi ko ƙwaya bai shuka ba. Jafaru ba shi da rediyo, tawa yake saurara ta kan katanga, kuma ya fi ni jin maganarta. Daga nan sama ta yi tsit kwana ashirin da uku, tsiron ya ƙone ƙurmus.

Ciwon ajalinta gajere ne. Na dawo daga gona raina a ɓace, na tarar da ita bisa turmi tana cewa: “Kamar yadda muka sha faɗa wa manoma...” Na so in rubuta cewa zafin bana ne ya kashe ta, sai mai ɗakina Marka ta leƙo ta ce, “Malam, ji tsoron Allah. Kai munka gani da takalmi ga hannu.” To, takalmina ne. Da gari ya waye aka garzaya da ita wurin Rilwanu mai gyara a kasuwar Mafara, ya buɗe cikinta, ya hura, ya girgiza kai. Kalmarta ta ƙarshe “ƙit” ce.

Ta bar batir biyu masu sauran numfashi, da sifok, da Marka wadda ta ɓoye iri tiya ɗaya cikin tulu tun ranar da ta ga na rage murya. Ta kuma bar Jafaru, wanda yanzu yake tsaye jikin katanga babu abin ji, yana hararata. Ni ma ta bar ni, kuma ina kewarta fiye da yadda na zata. Gaskiya ta faɗa mini, na saka mata da jifa.

Za a yi mata sutura ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a ƙofar gidana. Ba za a sa ta a ƙasa ba, don ta tsani hakan tun tana raye. Cikin rumbu za a kwantar da ita, akwai fili sosai. Mai zuwa ta'aziyya kada ya wahalar da kansa da goro. Ya zo da rediyo mai rai, kuma ya iso kafin ƙarfe huɗu, lokacin shirin manoma. Hadari yana haɗuwa ta gabas, tiyar Marka kaɗai ta rage mana, kuma wallahi ban san ko in shuka ba.