Rumfar Babur

Ina wata na uku a ajin yaƙi da jahilci, wasu 'yan caca suka kafa lasifika a tashar Konni, da hoton jan babur. Ni na karanta wa jama'a manyan baƙaƙen, ina ɗaga murya: "KANKARE KATI KA HAU BABUR." Ƙaramin rubutun da ke ƙasa kuwa na tsallake shi, don malam bai kai mu nan ba.

Na sayar da akuyar matata Hajo, na kwaso katuna. Kafin in kankare ko ɗaya, sai da na kafa wa babur rumfa a tsakar gida, kada rana ta ɓata fenti.

Na yi ta kankara har farce ya yi zafi. Kofin roba na ci. Maƙwabcina Illo ya karanta mini ƙaramin rubutun: babur ɗaya ne tak, na Nijar gaba ɗaya. Macutan har godiya suka yi mini!

Yanzu jakin Illo ke shan inuwar rumfar. Duk lokacin da ya yi kuka, sai Hajo ta leƙo ta ce, "Malam, ga baburinka can ya tashi. A zuba masa mai ko dusa?"