Rasuwar Tudun Bakin Mararraba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyi masu cike da gajiya, tsohuwar nan ta gidan kusurwa, wadda kowa ke kira Kaka, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar tudun rage gudu na bakin mararraba. Ma'aikatan hanya ne suka kwantar da shi, amma a ƙofarta ya yi rayuwarsa, ita ke share masa yashi kowace safiya.

Marigayin mai haƙuri ne. Tirela ta taka shi, babur ya taka shi, direbobi sun zage shi har iyayensa, bai taɓa ɗaga kai ba. Magana biyu kawai ya iya a duniya: gwaram in mota ta zo a guje, gif-gif in direban mai hankali ne. Albarkacin wannan gif-gif ɗin Kaka ke samun sararin jan ƙafa ta tsallaka gidan 'yarta, ta sha shayi, ta yi wa surukinta tsiya, ta dawo lafiya lau.

Ciwon ajalinsa a ofis ya fara. Injiniyoyi ne suka zo da rigunansu masu ƙyalli, suka ce za su gwada yawan hatsari kafin zuwansa da bayan zuwansa, a ga ko yana da amfani. Kaka ta yi murna, ta ba su kujeru. Ai kafin marigayi, mako ba ya ƙarewa ba a share fasasshen gilashi a wurin ba.

Sai dai unguwar tana da halinta. In an yi karo, bakanike ya miƙe ƙarfe, mai kemis ya ɗaure ciwo, dattawa su haɗa hannun direbobi a yafi juna, kada a kai magana gaba. Shekara da shekaru ana wannan zumunci, ko karo ɗaya bai isa ofis ba. Bayan zuwan tudun kuwa an kai ƙara guda: wani mai doguwar mota da salansarsa ta cire a kan marigayin. Lissafi ya fito fes. Kafin tudu babu hatsari, bayan tudu akwai ɗaya.

Kaka ta nuna musu tsagar katangarta inda motar bulo ta taɓa kutsawa. Ta kira bakanike ya ɗaga wando suka ga tabo. Suka saurara cikin ladabi, suna kiranta Mama, suka ce tsaga da tabo ba sa shiga alƙaluma. Da safe katafila ta zo. Abin da aka ji daga bakin marigayin na ƙarshe shi ne ƙurrr.

Ya rasu ya bar allon gargaɗi guda, wanda har yanzu yake tsaye a karkace yana sanar da tudun da babu. Ya bar mai lemo, da motoci suka daina tsayawa a gabanta, da mai walda, da salansa ta daina zuwa masa. Ya bar Kaka a bakin kwalta da sandarta, tana duba dama, tana duba hagu, ta gaji ta koma ciki.

Ba za a ga gawa ba, an kwashe ta an cike rami a wani titi. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gidan kusurwa daga hantsi zuwa yamma. Iyalan suna roƙon duk wanda mota ta buge nan gaba, don girman Allah kada ya yafe a bakin hanya, ya daure ya rarrafa ofis a rubuta shi. Masu ta'aziyya na wancan tsallaken, har da 'yar Kaka, kada su wahalar da kansu. Su tsaya inda suke su ɗaga hannu, za ta gani.