Sola ko Janareta: Yadda Za Ka Zaɓa Ba Tare da Ka Ba Yayan Matarka Gaskiya Ba

Kai da ka sayi karafan, ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, ga gado ga murhu a ciki, amma ka rasa da me za ka ba shi wuta, matso kusa. Na ɗaukar maka alkawari: in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, za ka je garin Salala, can ƙetaren hamada, ka dawo, firjinka ko da sanyi ko babu, amma ba mahalukin da zai ji "na yi kuskure" daga bakinka. Hanyar gwadaddiya ce. Maƙwabcina Khalfan, wanda duk unguwarmu a Nizwa ke kira Abu Salim, shi ya gwada ta bara, kuma ga shi nan da ransa da lafiyarsa.

Mataki na 1: Nemo wanda za ka saɓa wa

Masu shago za su ce ka fara da lissafin kayan wutarka, firji nawa yake ci, fanka nawa take ci. Rabu da su. Mai hankali ba ya fara zaɓi da kaya, da mutum yake farawa.

Mutumin Khalfan shi ne Hamud, wanda ake kira Abu Rashid, yayan matarsa Zuwaina, wato Ummu Salim, tsohon direban tanka, mai murya kamar ana sauke duwatsu daga tifa. Shekara talatin da ɗaya ke nan Hamud yana koya wa Khalfan rayuwa: yadda ake zaɓen ragon layya, yadda ake ajiye mota a inuwa, yadda ake gane dabinon bara. Abin da ya fi ciwo shi ne, yawanci gaskiyarsa ce.

Shi kuwa Khalfan bai daɗe da yin ritaya daga ma'aikatar ruwa ba. Tun daga ranar yake zagaye gida da sifana yana gyara famfunan da ba abin da ya same su. Da ya sayo karafan ɗin, har ya riga ya ga wani jan janareta a kasuwa, ya shafa shi, ya ce wa mai shagon gobe zai dawo. Sai ga Hamud ya zo gani. Ya zagaye karafan ɗin, ya shuri taya, ya ce, "Janareta za ka sa, Abu Salim. Ka ja igiya, wuta ta zo. Ba ruwanka da abin da sama ke ciki."

"Sola zan sa," in ji Khalfan.

"Tun yaushe?"

"Na daɗe ina nazari a kai."

Daɗewar ba ta kai numfashi biyu ba. Haka ake so. Shawarar da aka yanke cikin fushi ta fi wadda aka yanke cikin natsuwa ƙarko, domin kunya ce ke gadin ta.

Mataki na 2: Yi gwaji a inda ba za ka faɗi ba

Ka ɗora allunanka na sola a kan rufin karafan, ka sa batir a ƙarƙashin gado, sannan ka gwada su a Nizwa tsakiyar zafi, lokacin da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. A irin wannan rana, ko faranti ka kifa a rufi sai ya kusa ba ka wuta.

Khalfan ya gayyato Hamud da azahar, ya zaunar da shi ƙarƙashin fanka, ya miƙa masa ruwa mai ƙanƙara.

"Kana jin wani ƙara, Abu Rashid?"

"A'a."

"Warin fetur fa?"

"Babu."

"To, wuta ce take aiki haka."

Hamud ya shanye ruwan, ya tauna ƙanƙarar, ya tafi. Ranar Khalfan ya ci shinkafa faranti biyu.

A wannan mataki matarka za ta yi tambaya guda. Zuwaina tana da ciwon sukari, kuma allurarta ta wata guda, wadda likita ya ce kada ta rabu da sanyi, cikin wani shuɗin kwali take. Tana shirya kayan tafiya ta ce, "Abu Salim, a Salala da damina rana tana fitowa kuwa?"

"Ummu Salim, ai an ce rana ba ta ƙarya."

"Haka ne," ta ce, tana naɗe zani. "Uwar ɗiya ce dai ke jin kunya."

Idan mace ta ƙarasa maka karin magana, ka ɗauka ta yarda da kai. Kada ka bincika.

Mataki na 3: Kafa zango nesa da shi, amma inda zai gan ka

Gida biyu suka tafi, mota biyu, karafan biyu, yini guda cur ana keta hamada. Da suka hau dutsen da ke bayan Salala, sai ƙasa ta koma kore shar, gajimare ya sauko yana yawo tsakanin shanu, yayyafi kamar ana fesa turare. Khalfan ya ƙirga taku sittin daga karafan ɗin Hamud, ya ce nan ya yi.

Yinin farko naka ne, ka more shi. Batirinka cike yake da ranar hamada, shi kuwa janareta duk aibinsa a fili yake. Na Hamud na tashi tsuntsaye suka watse. Mauza, matarsa, ta ɗaure kai da ɗankwali biyu. In Hamud zai ce a miƙo gishiri sai ya yi kira kamar mai neman ɓataccen raƙumi. Kafin la'asar wani dattijo makiyayi ya zo, ya yi sallama, ya sha gahawa kofi uku, sannan ya tambaya cikin ladabi ko injin nan yana da lokacin salla, domin shanunsa sun ƙaurace wa wannan gefen.

Khalfan yana zaune a ƙofarsa yana kallo, kofi a hannu. Ya yi ta gyaran murya.

Mataki na 4: In batir ya fara sauka, ka ce son daji ne

A jikin bango akwai wata 'yar na'ura mai nuna abin da ya rage a batir. Washegari ta nuna saba'in cikin ɗari. Rana ta uku, arba'in da ɗaya. Ita kuwa rana ba wanda ya ga fuskarta, sai wani fari-fari a sama kamar an lulluɓe fitila da bargo.

Kada ka ruɗe. Kashe fanka ka ce iskar Allah ta fi. Ɓoye butar lantarki ka ce shayin gawayi ya fi ƙamshi. Khalfan duk ya yi wannan, har da cire ƙwan fitila biyu. "Hutu muka zo, Ummu Salim. In wuta muke so ai da mun zauna gida."

"Gaskiya ne," in ji Zuwaina. Ta yafa mayafinta ta tafi gaishe da Mauza, kamar yadda take yi kullum da hantsi.

Tana fita sai ya hau tsani da tsumma, ya goge allunan nan cikin yayyafi, ya sauko, ya duba na'ura, ya sake hawa. Sau shida ya yi haka a yini guda, shi da gwiwarsa ke ƙara in ya durƙusa salla.

A nan zan ɗan sauke murya. Ba Hamud kaɗai ke cikin ran Khalfan ba a kwanakin nan. Shekara biyu da suka wuce ya taɓa shigowa kicin ya tarar da Zuwaina a ƙasa, ludayi a hannunta, ba ta amsa kira. Shi ya ɗauke ta zuwa mota, ƙafarsa ba takalmi. Don haka kullum in ya idar da sallar asuba sai ya buɗe firjin kaɗan, ya sa yatsa biyu a jikin shuɗin kwalin, ya rufe da sauri. Bai taɓa buɗe kwalin ba, kada sanyin ya fita. Duk wutar da ya hana fanka da fitila, wannan kwalin yake tara wa.

Mataki na 5: Kada ka ta da mota a inda za a ji

Dabara za ta zo maka cewa ka jona batirin da mota ka bar inji yana aiki. Dabara ce mai kyau in kai kaɗai ne a dutsen. Khalfan bai yi minti goma da tayarwa ba sai ga Hamud tafe, hannu a baya.

"Abu Salim, tafiya za a yi?"

"Inji nake ɗumamawa."

"Madalla. Ni dai na ga waya ta fito daga mota ta shiga ɗaki, sai na ce ashe mijin ƙanwata ya fi ni. Nawa janaretan hannu biyu ake ɗaukar sa, nasa mai taya huɗu ne."

Khalfan ya kashe motar. Batirin ya ƙaru da uku.

Mataki na 6: In ruwa ya ƙare wa ɗan kada, ɗauki dabino

Ranar ta huɗu da hantsi firjin ya yi wani ɗan tari, ya yi shiru. Zuwaina tana bayan karafan tana shanya. Khalfan ya tsaya a gaban firjin nan ya daɗe. Sannan ya ciro kwalin, ya naɗe shi a jiƙaƙƙen tawul, ya ɗora a tire, ya jera dabino a kai, ya fita.

Taku sittin ne, amma ya ce mini hanyar Nizwa zuwa Salala ba ta kai su tsawo ba. Yana tafe yana haɗa magana. Zai ce firjinsa ya cika. Zai ce sanyinsa ne ya yi yawa. A taku na hamsin duk suka zube, ya rage abu guda: ko Hamud zai yi masa dariya har ranar da za a binne ɗayansu, maganin nan sai ya shiga sanyi.

Ya tarar da Hamud a kan tabarma, janareta na ruri a bayansa. Aka gaisa, aka tambayi labari, aka ce babu sai alheri.

"Abu Rashid, firjinka na ji yana wani ƙara. Bari in duba maka."

"A cikin wannan rurin ka ji ƙarar firji? Shiga, injiniya."

Ya shiga, ya buɗe firjin. A kantar sama, cikin wata tsohuwar robar alewa, ga alluran Zuwaina a jere, an rubuta sunanta a murfin da rubutunta. Ya warware tawul, ya buɗe shuɗin kwalin. Ba komai a ciki sai takardar bayanin magani, an ninke ta huɗu.

Da ya juyo, Hamud na tsaye a bakin ƙofa.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da muka iso. Kai kana can kana ƙirga taku."

"Kuma ba ka faɗa ba?"

"Zuwaina ta ce in na buɗe baki, ita da gidana har abada." Hamud ya share goshi. "Kwana huɗu, Abu Salim. Ina kallon ka a kan tsani, ga magana a bakina, ba halin fitarwa. Mauza ta auna ni jiya, jinina ya hau."

Mataki na 7: Koma ka yi faɗa, in za ka iya

Khalfan ya dawo da kwalin a hannu, ya manta tiren. Zuwaina ta gama shanya, tana zaune a kan matakalar karafan.

"Kwali kika bar ni ina gadi."

"Shi na bar ka."

"Kwana huɗu ina hawa tsani."

"Na gani. Tun da ka ajiye aiki ban ga ka tashi da abin yi a ranka ba sai kwanakin nan. Har cin abincinka ya dawo." Ta matsa ta ba shi wuri, bai zauna ba. "Ba shi ke nan ba. Da na ji firjin ya tsaya, sai na ce bari in gani. Ga ni, ga girman kanka, wa za ka ɗauka? Na ba ka zuwa azahar. Da ka wuce haka, da yau sai ka mai da ni Nizwa, kuma da ba za mu yi hira a hanya ba."

Ya duba agogo. Goma saura.

"Da sauran lokaci ma," ya ce.

"Da saura. Zauna, rigarka ta jiƙe."

Ya zauna. Matakalar ba ta isa mutum biyu ba, amma suka zauna haka nan, gajimare na wucewa ta gabansu. Can sai ta ce, "Ka je ka jawo waya daga wurin Yaya. Shayin gawayin nan ya ishe ni."

Ya jawo. Wayar ba ta kai taku sittin ba, sai da ya ja karafan ɗin ya matso ashirin. Ga kuma darasin ƙarshe, ka riƙe shi da kyau: duk wanda ya tambayi Khalfan, cewa yake ya lura janaretan Hamud yana aiki ba kaya a kansa, abin da ke lalata inji, shi ya sa ya taimaka masa da nasa firjin. Zumunci ai ya gaji haka.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da karafan, bai san bambancin jar waya da baƙa ba, kuma ba zai amsa kira ba idan firjinka ya mutu, ko shanun wani suka yi hijira, ko matarka ta ba ka zuwa azahar kai kuma ka kai la'asar. Magani dai a tambayi likita, wuta a tambayi mai gyara, a kuma tambayi mai maganin kafin su duka. In Khalfan ya ce an yi ƙari a labarin, ni rabi kawai na ji daga bakinsa. Sauran daga Hamud ne, wanda tun da suka dawo yake rama shirun kwana huɗun nan a kowace majalisa ta Nizwa, kuma har yau bai ce ya gama ba.