Busar da Na Yi a Ƙofar Masallaci

Ko haƙorana sun zube don tsufa, ba zan taɓa mantawa da fitata ta farko da 'yan badujalar unguwarmu ta Nima ba. Sati uku kacal da fara koyon turombon, ƙahon nan da ake zugewa gaba da baya, kuma abin da nake fitarwa bai wuce kukan tunkiya mai mura ba (maƙwabtanmu na gidan haya har ƙarata suka kai wa mai gida). Amma ni, tela guda mai shekara talatin da ɗoriya, ji nake da ƙahon a baki aka haife ni.

Ana nan sai ga bikin kai amarya unguwar Maamobi, mai busa ɗaya kuma ya kwanta zazzaɓi. Shugabanmu, Masta Isaka, ya miƙo mini jar rigar ƙungiya mai maɓallai masu walƙiya, wadda na daɗe ina mafarkinta.

"Cale, abokina, layi kawai za ka cika," in ji shi. "Kumbura kumatu, zuge ƙarfe, amma kar iska ya shiga. In ka busa, ka ajiye riga."

Na rantse har da dafa ƙirji.

Wayyo daɗi! Ganguna na tashi, mata na rawa suna kaɗa hankici, direbobin motocin haya na torotoro na taya mu da hon. Ni kuwa ina ta kumbura kumatu ina rangaji kamar gaske. Wata hajiya ta matso ta share mini gumi da mayafinta, ta ce, "Wannan ya iya paa!" Shi ke nan, kaina ya fashe. Na lumshe ido, na ce a raina, cikin wannan hayaniya wa zai ji 'yar busa ɗaya?

Ashe al'adar badujalar zango, wato unguwannin Hausawa irin tamu, in za a gifta masallaci ana salla, Masta zai ɗaga hannu kowa ya yi tsit har a wuce. Ya ɗaga kuwa. Ni idona a rufe, na cika huhu.

BUUUUU!

Ni kaɗai, ana tsakiyar La'asar, daidai tagar liman. Akuya ta tsinke igiya. Wani tsoho mai alwala ya saki buta (da na duba da kyau, kawuna ne, Alhaji Mumuni). Ya ƙare mini kallo ya ce, "Kai ne? Ɗinkin ya ƙare ka koma saniya?" 'Yan rakiyar amarya suka toshe baki da gyale, kafaɗu na rawa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Muna shan kwana Masta ya miƙo hannu. "Riga." A bakin titi na tuɓe, na tako har Nima daga ni sai singileti mai huji a ciki.

Wata biyu na yi ina ba da haƙuri kafin Masta ya mayar mini da rigar. Yanzu na ɗan iya busa, amma duk daɗin kiɗa ba na rufe ido, kuma da an yabe ni sai in duba ko akwai masallaci kusa.